Ƙusa ta Uku

Ni mai faci ne. Shekara ashirin da biyu ina rumfa ɗaya a bakin titin da ya miƙe ɗoɗar zuwa unguwar kamfanoni, kuma bakin rumfar gabas yake kallo. Aji uku na yi a makaranta aka cire ni, ban kuwa yi kuka ba. Na iya karanta lambar taya, na iya rubuta abin da ke raina da kaɗan-kaɗan, sauran karatun na bar wa masu shi.

Duk wanda ya shigo rumfata ya ɗaga kai zai ga ƙusoshi goma sha uku a jere jikin katakon da ya riƙe bakin kwano. Ba ado ba ne. Mai faci da ido yake cin abinci. Ka hura tiyub, ka danna shi cikin rabin duron ruwa, ka jira ka ga inda kumfa ke tasowa. To in hasken safiya ya faɗo kan ruwan nan sai ya koma madubi, ko hujin ya kai ƙofar hancinka ba za ka ga kumfa ba. Shi ya sa nake rataye wani siririn buhu ya tare min rana. Ban sa mai faɗi ba don kada ya rufe min titi, mai mota ya wuce yana zaton ba kowa. Tun shekarata ta farko na gane buhun ba ya zama wuri ɗaya. Bayan kamar sati biyu sai rana ta zame ta gefensa, sai in buga sabuwar ƙusa in matsar da shi. A shekara guda na gama bugawa, tun daga nan ban ƙara ko ɗaya ba. Rana tana bin su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen dama, ta tsaya can ta yi kwanaki kamar mai shawara, ta juyo ta bi su har ƙarshen hagu, ta sake tsayawa. A tsakiya sauri take yi, ƙusoshin da rata a tsakaninsu. A bakin ƙarshe kuwa jan ƙafa take, ƙusoshin kusan manne da juna.

Maƙwabcina Mai Walda yana kiran su kalandar wanda bai yi makaranta ba. Ni kuma ina kiran gilashin waldarsa idon mujiya, mun yi canjaras.

Cikin su sha ukun nan, ta uku daga dama ita ce mugu. Can ƙarshen titi, nesa, akwai dogon sito a hannun dama da tankin ruwa a hannun hagu, tsakaninsu wani ɗan tsagi kamar wushirya. Duk shekara rana bayan gini take fitowa, ba ka ganin ta sai ta ɗaga. Amma in buhu ya zo ƙusa ta uku, ta cikin tsagin nan take ɓullowa tana ƙasa-ƙasa, ta kwanto a kan kwalta ta soke idon duk wanda ya nufi gabas. Minti shida ko bakwai ne, ta haye ta bar mutane. Kwana shida take yi a haka wajen tafiya cikin Nuwamba, kwana shida kuma wajen dawowa cikin Janairu. Akwai kuma abin da na daɗe ina mamakinsa har na daina. Wurin ɗaya ne, amma lokacin ba ɗaya ba ne. Wajen tafiya bakwai saura ashirin take shigowa, ina cikin shan shayi. Wajen dawowa sai rediyona ya yi ƙarfe bakwai, an gama kanun labarai, sannan take leƙowa. Mutane sun ɗauka da zarar rana ta juyo gari zai fara wayewa da wuri. Ba haka ba ne. Yamma ce take fara ƙara tsawo, safiya kuwa ci gaba take da makara har sati huɗu ko biyar. Dalili ban sani ba, ba ni na yi ta ba.

Ƙanena Auta direban bas ne a wani kamfanin sabulu, shi ke kwaso ma'aikatan safe. Shekara goma sha huɗu yana wuce rumfata ya danna min hon sau biyu. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma halinmu ya sha bamban. Ni in aka taka ni sai an ji a unguwa. Shi in aka taka shi haƙuri zai ba wanda ya taka shi.

Ran ashirin da ɗaya ga Nuwamba, buhu yana ƙusa ta uku, na ji hon sau biyu, ban gama ɗaga hannu ba na ji ƙara. Wata tankar ruwa ce ta lalace aka bar ta rabinta a kan titi, taku arba'in gaba da rumfata, ba ganye ba alama. Auta ya ɗirka mata ta baya. Allah ya taƙaita ba gudu yake ba. Gaban bas ya lotse, gilashi ya tarwatse, wata ma'aikaciya da ke kujerar gaba ta karye a hannu. Da muka zaro shi abu ɗaya yake ta maimaitawa, wai shi bai ga komai ba, fari kawai ya gani.

Kamfani suka dakatar da shi suka ce za su yi bincike. Binciken ya kwana a tebur wata guda. Sannan Manaja ya taso da kansa wata safiya cikin Disamba, ya tsaya a wurin ƙarfe bakwai saura ashirin daidai, ya ɗauki hoto da wayarsa. Ina kallon sa daga rumfa, ban san abin da yake yi ba, na ɗauka mai auna titi ne. Ranar kuwa buhu yana ƙusa ta ƙarshe. Rana tana can bayan sito, ba ta leƙo ta saman kwanonsa ba sai wajen bakwai da rabi. Ya koma ofis ya ce ƙarya Auta yake yi, barci ya yi a kan sitiyari.

Da yamma Auta ya zo gidana ya zauna a dakalin ƙofar ɗaki, ya ƙi shiga. Ya ce an gaya masa ƙarshen Janairu za a sa hannu a takardar kora, kuma za a rubuta dalili a ciki. Direban da aka rubuta masa barci a kan sitiyari ya gama tuƙi, ko motar kwasar shara ba mai ba shi. 'Ya'yansa biyar, ba kuma wata sana'a a hannunsa. Abin da ya fi ba ni haushi, har ya fara cewa wataƙila ya ɗan rintsa bai sani ba, tunda ga hoto.

"Ka rintsa kana danna min hon?" na ce masa. "A mafarki ka danna?"

Maiɗakina tana tankaɗe a tsakar gida ta ce in bi a hankali, mutanen ofis ba masu kawo faci ba ne da zan yi musu tsawa su dawo gobe. Na ce ai ban ce zan yi tsawa ba. Ta ce shekara ashirin da biyar tana aurena ba ta taɓa jin na ce zan yi ba, yi kawai nake.

Washegari na sa rigata mai kyau na bi Auta kamfani. Mai gadi ya hana ni shiga, na zauna a tsakiyar ƙofa na ce motar da za ta shiga sai ta bi ta kaina. Aka shigar da ni. Ofishin sanyi kamar cikin randa, tebur mai gilashi, ga kalandar kamfani da hoton sabulu. Manaja ba zai wuce shekara arba'in ba, mai tsabta, agogonsa kamar murfin gwangwani. A gefensa wata Malama mai tabarau daga ofishin ma'aikata, ita ke rubuta duk abin da aka faɗa.

Na gaishe shi yadda ya kamata. Na ce ni wan Auta ne, rumfata tana wurin, kuma rana ce ta makantar da shi. Ya juyo min da hoton a waya ya ce in nuna masa ranar. Na ce ranar da ya je ba ta nan, ta matsa bayan sito. Ya yi murmushi ya dubi Malama, ya ce rana daga gabas take fitowa, ɗan aji ɗaya ma ya sani.

"Ranka ya daɗe, gabas ɗin da faɗi," na ce. "Ni na auna shi, ƙusa sha uku ne."

Na yi masa bayanin buhu da duro da kumfa. Yana ji yana juya biro. Da na gama ya tambaye ni inda na yi karatu. Na ce a bakin titi. Auta yana ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur, na janye ƙafata. Na ce hatsarin ya faru kwana talatin kafin rana ta tsaya, to kwana talatin bayan ta juyo za ta dawo cikin tsagin nan, ya zo ran ashirin ga Janairu ya gani da idonsa. In ba ta zo ba ya sa hannu a takardarsa, ni da kaina zan riƙe masa biro.

Ina jin don ya rabu da ni ne ya yarda. Ya ce zai zo, ƙarfe bakwai saura ashirin, lokacin da hatsarin ya faru, minti biyar zai tsaya. Na ce a'a, wajen dawowa makara take yi, sai bakwai da minti biyar. Nan ya yi dariya sosai. Ya ce wannan kam na kwafsa, domin daga ashirin da ɗaya ga Disamba yini ƙaruwa yake, in yini yana ƙaruwa dole rana ta riƙa fitowa da wuri, ba sai an je jami'a ba. Na ce yinin ta yamma yake ƙaruwa tukuna. Ya ce shi bakwai saura ashirin ya sani.

Na juya wajen Malama na ce, "Malama, don Allah rubuta. Mai faci ya ce bakwai da minti biyar. Ki sa kwanan watan yau a ƙasa."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta rubuta.

Wata gudan nan ban taɓa kallon katakon rumfata kamar yadda na kalle shi ba. Abin da ka sani shekara ashirin da biyu, ranar da abincin ɗan'uwanka ya rataya a kansa sai ka fara shakka. Rana ta zauna a ƙusa ta ƙarshe kamar an ɗaure ta. Sati guda, kwana goma, ba motsi. Mai Walda kullum sai ya leƙo ya tambaye ni ko baƙuwar tawa ta aiko da saƙo. Ran nan ya ce in ta ƙi tasowa ya ɗauko injinsa mu je mu yanke siton. Na ce ya fara gyara ƙofar shagonsa da ta shekara uku tana jingine. Auta kuwa ya rame, wuyansa ya fito. Kullum da sassafe sai ya zo ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallon gabas. Na ba shi aikin hura tiyub don kada ya haukace min a rumfa.

Farkon Janairu haske ya zamo ta gefen buhu da faɗin yatsa biyu. Na matsar da shi ƙusa ta biyu. Ranar har tsire na saya wa yara. Ran sha takwas ga wata gefen rana ya leƙo ta bakin sito cikin tsagi, ana cikin kanun labarai. Auta ya miƙe tsaye, ya sa hannu ya kare ido, ya ce da ƙaramar murya, "Yaya, ita ce. Wallahi haka ta yi min." Na ce ya zauna kada ya kore ta.

Ran sha tara gari ya tashi da gajimare, ba mu ga komai ba. Maiɗakina ta ce to sai in buga ƙusa ta sha huɗu ta gajimare. Ranar abincin ma ban iya ci ba.

Ran ashirin sama ta waye tas kamar an wanke ta. Tun kafin shida ni da Auta da Mai Walda muka mirgina tsofaffin tayoyin babbar mota guda shida, muka jera su biyu-biyu a daidai inda tankar ta tsaya, rabi a kan titi. Mai Walda ya tsaya can baya da jan ƙyalle yana kautar da masu wucewa. Ƙarfe shida da rabi da minti biyar Manaja ya iso cikin motarsa fara, Malama a gefensa da fayil. Ya tsaya a gaban rumfata don nan ne kawai fili. Na nuna masa tayoyin na ce ga tankar. Ya ce ya gani. Suka taka zuwa wurin shi da Malama da Auta.

Ni ban bi su ba. Ido na mai faci ne, mota in ta tsaya ƙafafunta nake fara gaisarwa. Tayar baya ta hagu ta ɗan kwanta. Na durƙusa na shafa, sai ga kan wani sukuru ya nutse a cikinta, yana sheƙi. Ban sa shi ba, Allah shi ne shaidata, kwana biyu ko uku ya yi a ciki don kansa har ya goge. Amma da na gan shi na ji kamar an yi min bushara. Na jawo jak da sifana. Kafin su gama minti biyar ɗinsu mota tana kan jak, taya tana cikin rumfa.

Manaja ya dawo yana duba agogo, yana cewa Malama ta rubuta: bakwai saura kwata, ba rana, ba dalilinta, gari ma bai gama wayewa ba. Auta yana biye da su kansa a ƙasa. Sai ya ga motarsa da ƙafa uku.

"Wa ya ce ka taɓa min mota?"

"Sukuru ne ya ce, ranka ya daɗe." Na mirgino tayar na nuna masa. "Da wannan za ka hau babban titi da Malama a ciki? In ta fashe ni za a zaga, a ce a gaban mai faci ta tsaya."

Ya ce in sa masa safaya. Na buɗe but, safayar ba iska ko ta numfashi, wannan ma ba ni na yi ba. Ya tambayi minti nawa. Na ce aikin ba ya son gaggawa.

Gaskiya aikin minti biyar ne. Ka zare sukuru, ka soka roba da gam, ka yanke, ka hura. Amma ranar na yi faci irin wanda ake koya wa sabon shiga. Na nemi filaya na rasa, alhali tana aljihuna. Na goge wurin har sau uku. Na hura, na danna tayar cikin duro, na juya ta a hankali ina neman huji na biyu da na san babu. Manaja yana zirga-zirga, wayarsa tana ta ƙara. Mai Walda ya ƙwalo daga titi wai yau faci nake ko wankan jariri. Malama ta zauna a bencina, na lura ba agogo take kallo ba, ƙusoshin take ƙirgawa.

Rediyo ya yi ƙarfe bakwai. Sama ta yi ja a bayan tankin ruwa. Na mayar da taya na fara ɗaure noti ɗaya-ɗaya, ido ɗaya a kan sifana, ɗaya a kan buhu. Mai labarai yana karanta kanu na uku, sai na ga bakin buhun ya kama haske kamar an kunna masa ashana. Na ɗaure na ƙarshe, na sauke jak.

"An gama, ranka ya daɗe. A sauka lafiya. A kula da tankar."

Bai ko dube ni ba. Ya ce Malama ta shiga, ya ja ƙofa da ƙarfi, ya tayar. Ya hau titi ya nufi gabas, hanyar kamfani, hanyar da Auta ya bi. Na yi wa Mai Walda hannu ya matsa gefe.

Rana ta cika tsagin nan taf. Kwalta ta koma kamar an zuba narkakken ƙarfe tun daga sito har ƙafafuna. Farar motar ta shiga cikin hasken, ni kaina da ke baya sai da ta ɓace min. Na ga jar wutar birki ta kama, na ji taya ta yi ƙara a kan kwalta, sannan na ji tim. Tayoyin babbar mota guda biyu suka tashi suka gangara, ɗaya ta bi kwata, ɗaya ta miƙe tiryan-tiryan ta shige shagon Mai Walda ta kayar da ƙofar nan da ta shekara uku a jingine.

Muka ruga. Ba abin da ya same su, roba ce, kuma bai kai ga gudu ba. Manaja yana zaune hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗaya a kan fuska, hawaye na zuba daga idonsa saboda haske. Tabaran Malama ya faɗo kan cinyarta. Na leƙa ta taga.

"Ranka ya daɗe, barci ka yi?"

Malama ce ta fara dariya. Ta so ta danne ta kasa, ta kifa kai a kan fayil kafaɗunta na rawa. Ya fito daga mota ya tsaya ya juya wa gabas baya.  Mutum ne da ya san tayoyin suna nan, da idonsa ya gan su, da ƙafarsa ya zagaya su minti ashirin da suka wuce.

Amma bai sallama nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba, ni ma da haka zan yi. Ya duba agogo ya ce yanzu bakwai da minti shida, hatsari kuwa bakwai saura ashirin ya faru, to wannan bai nuna akwai rana a wancan lokacin ba. Na ce a tambayi takarda. Malama ta mayar da tabarau ta buɗe fayil ta karanta abin da na sa ta rubuta wata guda da ya wuce, da kwanan wata a ƙasa. Sannan ta ciro wayarta ta yi 'yan danne-danne. Ta ce ga lokacin fitowar rana na ranar hatsarin, ga na yau, na yau ya makara da minti ashirin da biyar. Ta miƙa masa. Ya duba, ya ja da yatsa sama, ya ja ƙasa, ya sake dubawa. Ashe abin yana cikin aljihunsa tun farko, tambaya ce bai yi ba don yana ganin ya riga ya sani.

Ya taka har cikin rumfata, wurin da ɗazu ya ƙi zama don kada rigarsa ta ɓaci. Ya ɗaga kai yana kallon ƙusoshin, sun yi tsatsa, wasu sun lanƙwashe. Ya tambaye ni wace ce ta yau. Na nuna masa. Ya tambayi ta ranar da ya zo ɗaukar hoto. Na nuna masa ta ƙarshe. Tsakaninsu bai fi tafin hannu ba. Ya sa hannunsa ya auna, ya girgiza kai.

Ya kira Auta da "Direba", ba da "kai" ba kamar yadda ya yi a ofis. Ya ce gobe da asuba ya zo ya karɓi makulli, bas ta fito daga gareji tun makon jiya. Auta ya buɗe baki zai fara godiya da ba da haƙuri, na san halinsa, na riga shi. Na ce saura takarda. Malama ta zaro ta daga fayil, an riga an buga ta, sa hannu kawai take jira. Manaja ya karɓa ya yaga biyu, ya rasa inda zai jefa, na nuna masa duro. Ta jiƙe ta nutse, ba ta yi ko kumfa ba.

Kafin su tafi ya ce in gaya wa Malama kwanakin da rana ke shiga tsagin, na tafiya da na dawowa, da lokacin kowanne. Ya ce duk ranar da lokacin ya zo daidai da wucewar bas, za ta riƙa bi ta bayan kasuwa. Na zauna a bencina na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ina faɗa, mai digiri tana rubutawa, Manaja yana tsaye yana jira. Mai Walda ya fito da tayar a kafaɗa yana tambayar wanda zai tayar masa da ƙofa. Na ce ai ya gode wa Allah, yau ce rana ta farko da ƙofar ta motsa.

Da na koma gida labari ya riga ni, matar Auta ta zo ta kai wa maiɗakina. Na zauna na jira a yaba min. Ta ajiye min abinci ta ce ta ji an ce ban yi tsawa ba, ko ba ni da lafiya ne. Amma naman da ke cikin kwanon ya fi na kullum yawa, na gani, ta ga na gani.

Washegari bakwai saura ashirin, gari bai gama wayewa ba, ina hura garwashi na ji hon sau biyu. Sannan ya ƙara na uku, abin da bai taɓa yi ba. A kujerar gaba matar nan ce da ta karye, hannunta ya warke, ta ɗago min shi ta taga. Na daka masa tsawa ya kalli gabansa.

Bayan kwana uku rana ta fice daga tsagin ta shige bayan tankin ruwa. Na hau kan taya na ciro buhu na mayar da shi ƙusa ta huɗu. Ta ɗan yi sako-sako, na ɗauko guduma na ƙara mata bugu biyu.